Kundin Koyon Fentin Ruwa a Yamai

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Yau aka buɗe ajin koyon zane da fentin ruwa da na sa sunana a ciki, a wani ɗakin zane mai zaman kansa da ke unguwar Yantala, kuma an tsayar cewa za a riƙa haɗuwa kowace Asabar da hantsi, sannan lokaci zuwa lokaci a fita waje domin bita ta musamman. Abin da nake nema a wannan karatu shi ne in kai matsayin da zan zana kogin Isa, wato kogin Kwara, daga wuri ɗaya a lokuta dabam-dabam na shekara, har wanda ya san Yamai ya dubi takardar ya faɗi ko hunturu ne, ko bazara, ko damina, ba tare da ya nemi kwanan wata a gefe ba.

Malaminmu dattijo ne da ya daɗe yana rubuta allunan shaguna kafin ya koma ga takarda, kuma bai yarda mu sayi babban akwati mai launuka barkatai ba. Launi uku ya ce mu fara da su, wato shuɗin ultramarin, da rawayan ƙasa, da jan ƙasa ƙonanne irin na garin Siyena da ke Italiya. Sai buroshi biyu, babba mai ɗaukar ruwa da yawa da matsakaici mai tsini, da kwano biyu na ruwa, ɗaya na wanke buroshi ɗaya na haɗa launi, da farin farantin tangaran, da tsumma. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, to ina farin fenti?" Sai ya ɗaga takardar ya ce, "Ga shi nan, ƴata." Bayanin da ya biyo baya shi ne tushen sana'ar gaba ɗaya. Fentin ruwa garai-garai yake, haske yana ratsa shi ya bugi farin takarda ya dawo ga ido, kuma daga nan ne yake samun ƙyallin da fentin mai ko na bango ba su da shi. Saboda haka duk wurin da ake so ya zama fari sai an bar shi tun farko, kuma ana tasowa daga launi mafi haske zuwa mafi duhu, domin duhu yana iya rufe haske amma haske ba ya rufe duhu.

Asabar, 30 ga Nuwamba 2024

Duk wannan wata a kan darasi ɗaya muka tsaya, wato shimfiɗa launi guda a faɗin takarda ya fito bai ɗaya. Ana ɗan karkata allo, a ja buroshi daga wannan gefe zuwa wancan a saman takarda, sai ruwan launin ya taru a ƙasan layin. A sake cika buroshi a kama wannan ruwan da ya taru a ja layi na biyu, haka har a kai ƙasa. Muddin bakin layin yana da danshi, layukan za su narke cikin juna. Da zarar ya bushe kuwa, sai shata ta fito ɓaro-ɓaro, kuma duk ƙoƙarin gyara ta ƙara ɓata wurin yake yi.

A nan ne yanayin garinmu ya shigo cikin darasi. Littattafan koyarwa da ke ɗakin, waɗanda aka rubuta a Faransa da Ingila, suna roƙon ɗalibi ya yi haƙuri ya jira takarda ta bushe, wasu ma suna ba da shawarar a ɗauko na'urar busar da gashi. Mu kuwa hunturu ya shigo, iskar da ke busowa daga hamada ta kwashe laima, ta yadda kafin mutum ya kai buroshi faranti ya dawo, bakin layin ya riga ya bushe. Malam yana da dabarun da ya tara da kansa. Yana jiƙa bayan takarda da soso ya manna ta a kan gilashi, domin ruwan da ke baya ya riƙa ciyar da fuskar. Yana kashe fanka ya rufe tagar da iska ke shigowa. Yana haɗa launi fiye da abin da yake tsammanin zai buƙata, don kada ya tsaya haɗi a tsakiyar aiki. Kuma ya ce duk wanda zai yi atisaye a gida ya yi shi bayan asuba, kafin rana ta ɗaga. A ganina wannan ilimi ya fi duk abin da ke cikin littattafan daraja a wurinmu, kuma ya cancanci wani ya tattara shi a rubuce da Hausa da Zabarmanci.

Wani abin lura kuma shi ne launi yana kodewa idan ya bushe, don haka dole a haɗa shi da ƙarfi fiye da yadda ido yake so.

Asabar, 21 ga Disamba 2024

Maganar takarda ce ta cinye zaman yau. Takardar da ake samu a shagunan kayan lakwal yawanci daga ɓargon itace aka yi ta, ba ta da nauyi, tana kumbura idan ta sha ruwa, kuma launi yana zama a kanta dabbare-dabbare. Wadda masu sana'a ke so ita ce ta auduga zalla mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, irin wadda masana'antar Arches a Faransa da ta Fabriano a Italiya suka shafe ɗaruruwan shekaru suna yi. Auduga tana shan ruwa ta riƙe shi a cikinta ta sake shi sannu a hankali, wanda a iskar Yamai yana nufin ƙarin lokacin aiki. Tsadarta da wuyar samunta sun sa muka haɗa kuɗi muka ba wani matafiyi saƙo, kuma babban fallen mai tsawon santimita 76 da faɗin 56 za mu yanka shi gida takwas, a yi aiki gaba da baya. Takardar lakwal za ta ci gaba da amfani wajen gwajin launi.

Asabar, 18 ga Janairu 2025

Bitar farko a waje, a bakin kogi ta ɓangaren Yantala, inda ake hango gadar Kennedy da tuddan Harobanda. Kogin ya cika, alhali rabonmu da ruwan sama tun watan Oktoba, kuma malam ya fara darasi da bayanin dalili, domin a cewarsa wanda bai san daga ina ruwa ya fito ba ba zai gane launinsa ba. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gada a watan Janairu ruwan saman da ya sauka ne a tsaunukan Gine tun damina. Yakan shafe watanni yana ratsa manyan fadamun tsakiyar Mali, a yankin Mopti, inda yake bazuwa ya rage gudu lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mana a tace. Shi ya sa ake ce wa wannan cika baƙin ruwa, don a bambanta ta da jan ruwa na damina.

Sabon ɗalibi yakan miƙa hannu ga shuɗi da zarar ya ga sama da ruwa, saboda abin da ya sani ke nan tun ƙuruciya. Malam ya sa kowa ya huda ƙaramin rami a farar takarda ya leƙa ta ciki, ya dubi sama, ya dubi ruwa, ya dubi tudu, kowanne shi kaɗai. Ta cikin ramin sai ga shi babu shuɗi ko kaɗan a samaniyar hunturu: fari-fari ce mai ɗan rawaya, tuddan ƙetare ruwan toka ne mai sirkin shunayya, ruwan kuma ya ɗauki launin sama ya ƙara masa ɗan duhu da ɗan tsanwa a kusa da gaɓa, inda ciyawar burgu take. Dukansu ana samun su daga launukan nan uku. Idan aka haɗa ultramarin da jan Siyena, ruwan toka ne ke fitowa, mai ɗumi ko mai sanyi gwargwadon wanda ya rinjaya, kuma ultramarin yana da halin kwantawa cikin ƙananan ramukan takarda ya bar ɓarɓashi-ɓarɓashi, wanda ya dace da hazo matuƙa.

Abin da na fi ƙaruwa da shi shi ne yadda hazo ke jera nisa. Duk abin da ya yi nisa yana ƙara haske, gefensa kuma yana laushi, saboda haka tuddan an zuba su ne tun takarda tana da danshi, itatuwan tsibiri bayan ta ɗan sha iska, jirgin masunci kuma da busasshiyar takarda da launi mai kauri, da ja biyu ko uku na buroshi. Ƙyallin rana a kan ruwa an same shi ne da jan buroshi mai ƙarancin ruwa da sauri, ya taɓa tudun takarda ya tsallake ramukanta. Zanen farko na jerin da nake so ya samu, kodayake masu wanki da ke gaɓa sun fito a sandare, kuma wannan darasi ne na gaba.

Asabar, 15 ga Fabrairu 2025

Bitar yini guda a kan haɗa fenti da hannu, kuma ita ce mafi muhimmanci a wurina tun da aka fara. Fentin ruwa abu biyu ne a asali, garin launi da abin da ke manna shi a takarda, kuma wannan abin mannawa ba wani abu ba ne illa ƙaro, wanda ke fita daga itacen dakwara. Ƙaron da ke cikin fentin da ake sayo mana daga Turai da tsada daga yankinmu na Sahel yake tafiya. Sudan ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, Cadi da Najeriya na biye, kuma a nan Nijar an daɗe da sanin ƙasar Manga, wajejen Gure da Maine-Sorowa, da shi. Malam ya ɗauko tawadar makarantar allo ya ajiye kusa da fentin kanti ya ce ƴan gida ɗaya ne, domin ita ma baƙin gawayi ko kunkunniya ce aka dama da ƙaro. Dalilin da ya sa almajiri ke iya wanke allonsa da ruwa shi ne dalilin da ya sa mai zane ke iya ɗaga launi daga takarda da jiƙaƙƙen buroshi da tsumma: ƙaro yana sake narkewa duk lokacin da ruwa ya taɓa shi. Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara a tsangaya ya riga ya san rabin halin wannan fenti.

Ga yadda muka yi. An daka ƙaro mai tsabta, aka zuba kashi ɗaya cikin kashi biyu na ruwan ɗumi, aka bar shi ya narke, aka tace da ƙyalle don a raba shi da ɓawo da yashi. Aka ƙara zuma kaɗan, wadda ke jawo laima ta hana fenti tsagewa, da ɗigon man kanumfari don kada ya lalace. Garin launin kuwa daga ƙasa muka samo shi. Kowa ya zo da abin da ya tono: jar ƙasa daga tuddan Harobanda, rawaya daga wani rami da ake haƙar ƙasar gini, wani ɗalibi ɗan Ader kuma ya kawo wata mai duhu da ya ɗebo a wajejen Tawa. Ana dama ƙasar cikin ruwa mai yawa, a ɗan dakata tsakuwa da yashi su nutse, a tsiyaye ruwan da ke sama cikin wani kwano, a bar shi ya kwana. Lallausar lakar da ta kwanta ita ce launin. A shanya ta, a niƙa ta da ruwan ƙaro a kan gilashi har sai an daina jin ƙarar yashi, a zuba cikin murafun kwalba.

Malam ya gasa ɗan rawayan ƙasa a cikin gwangwani a kan gawayi, muna kallo ya rikiɗe ya koma ja. Ƙarfen da ke cikin ƙasar ne ke rabuwa da ruwan da ke ɗaure da shi idan ya ji wuta, kuma ta haka ake samun jan Siyena da muka saya. Ya kuma ba mu ɗan tarihi: a Landan, wajen 1781, William Reeves ya fito da busassun dunƙulen fenti da ake gogawa da ruwa; kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a 1832, ya sa gilisarin a cikinsu don su riƙa narkewa da sauƙi; a 1841 kuma wani Ba'amurke mai zane, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun fenti da ake matsawa. Kafin wannan duka, masu zane da yawa su ke niƙa launinsu, yadda muka yi yau.

Na dawo gida da murafu shida. Jar ƙasar Harobanda ta fi ta kanti kauri da duhu, ba ta da garai-garai sosai, amma akwai wurin da nake ajiye mata.

Asabar, 22 ga Maris 2025

Azumi da zafi sun sa an mayar da aji bayan asuba, an kuma gajarta shi. Mun shirya gwajin juriyar launi ga rana: an ja layi na kowane launi a takarda, an rufe rabinsa da kwali, an kafa a taga mai kallon rana. Ban da launukan kanti da na ƙasa, mun sa ruwan zoɓo, da gangamau, da karan dafi da dukawa ke rina fata da shi, da shuni. Fentin da babu zuma a cikinsa duk ya tsage a murafunsa saboda bushewar iska.

Asabar, 26 ga Afrilu 2025

Sakamakon gwajin ya fito sarai. Launukan ƙasa da ultramarin ba su motsa ba. Gangamau ya kusa ɓacewa gaba ɗaya, zoɓo kuwa tun a makon farko ya bar ja ya koma toka-toka mai shuɗi, karan dafi ya kode amma ya fi su jurewa, shuni ya yi ƙoƙari. Hukuncin da na yanke shi ne launin tsiro ya tsaya a cikin littafin atisaye, wanda ake rufewa, kada ya shiga zanen da za a rataye.

Da safe mun je gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, domin koyon zanen abu mai motsi a kan dabbobin da ake ajiye a can. Malam ya hana fensir. Ya ce a dubi dabba har sai an riƙe siffarta a ka, sannan a sauke ta da tabo ɗaya na launi, a ƙara duhu a ƙasan ciki tun tabon bai bushe ba. Ya nuna mana hotunan littattafan tafiya da Delacroix, wani mai zane Bafaranshe, ya cika da fentin ruwa a Maroko a 1832, inda mutum guda bai wuce tabo kaɗan ba amma ana ganin tafiyarsa da nauyin rigarsa. Dorina ta fi sauƙi saboda ba ta cika motsi ba, jimina kuwa ta wahalar da kowa. Wasu daga cikin ɗalibai ba sa zana mai rai saboda fahimtarsu ta addini, malam bai matsa musu ba, sai ya tura su ga gine-ginen gidan masu ado da shuɗi da fari, inda suka koyi inuwa a kan farin bango, darasin da shi ma ba ƙarami ba ne.

Asabar, 28 ga Yuni 2025

Damina ta sauka, kuma duk lissafin lokaci da hannu ya saba da shi tun Nuwamba ya canja. Takardar da ke bushewa nan take yanzu tana riƙe danshi har mutum ya gaji da jira, kuma fentin da aka cika wa zuma ya yi laushi, wasu murafun ma sun fara fumfuna. Amma wannan ne lokacin da ya dace da zuba launi a kan jiƙaƙƙiyar takarda, wato hanyar da ake zana hadari. Sirrin yana cikin kallon ƙyallin takarda ta gefe: idan tana walƙiya launi zai bazu ba iyaka, idan ƙyallin ya fara dushewa zai bazu kaɗan ya tsaya da gefe mai laushi, idan ya ɗauke kuma takardar tana da sanyi a bayan hannu to a janye buroshi, domin ɗigo ɗaya na ruwa a wannan lokaci zai ture launin da ke kwance ya bar tabo mai baƙin gefe. Haka nan mun fara ninka shimfiɗa a kan shimfiɗa, wanda ba ya yiwuwa sai ta ƙasa ta bushe ƙarau.

Asabar, 30 ga Agusta 2025

Jan ruwa ya iso. Wannan cika ta kusa ce, daga rafukan Goruwol da Dargol da Sirba, waɗanda ke tasowa daga Burkina Faso su zuba cikin Isa kafin Yamai, ɗauke da jar lakar da ruwan sama ya wanko daga ƙasar da itatuwanta suka yi ƙaranci. Wurin da muka zauna a Janairu ruwa ya rufe shi, don haka muka hau sama kaɗan. Yanzu kogin ba ya ɗaukar launin sama sai kaɗan, domin laka ta cika shi, kuma a nan ne jar ƙasar Harobanda ta yi aikinta: kaurin nan da ya hana ta shiga zanen hunturu shi ne ainihin halin ruwan Agusta. Na shimfiɗa ta a kan siririn rawaya, na ɗaga wurare kaɗan da tsumma inda farin gajimare ya faɗo a kan ruwa, na bar ultramarin ga samaniya, wadda a wannan wata take da shuɗi na gaske tsakanin hadari da hadari.

Da aka jera ayyuka a ƙasa don dubawa, malam ya tsaya a kan nawa ya ce, "Ruwanka ya yi, amma ciyawarka ba ta sha ruwa ba." Gaskiya ce, kuma iyakar launukan uku ke nan: ultramarin da rawayan ƙasa tsanwa mai duhu-duhu suke bayarwa, irin ta ganyen rani, ba su kai ga ɗanyen koren damina da ya lulluɓe tuddai da garake ba. Ya amince mu ƙara launi biyu, rawaya mai haske irin na lemun tsami da shuɗin ftalo, tare da gargaɗin cewa na biyun yana kama zaren takarda ba ya ɗaguwa, kuma kaɗan daga cikinsa yana rinjayar duk abin da aka haɗa shi da shi. Watan Satumba zai tafi ne a kan jadawalin haɗa kore, murabba'i bayan murabba'i, kowanne da rubutun abin da aka zuba a cikinsa, kafin ciyawa ta fara bushewa. Takardar auduga ta kusa ƙarewa, kuma mun fara haɗa kuɗin saƙo na biyu.